Abincin Sajan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe kwanona a gidan suna a Peckham. An fi shekara talatin yanzu, amma har yau in na ga kwanon samira ɗaure cikin tawul sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Bari dai in faro daga farko, domin in na fara da kwanon za ku ɗauka taɓin hankali gare ni, alhali abin bai kai nan ba. Wayo ne kawai ya yi mini yawa.

A farkon shekarun casa'in na je London ƙaro karatu. Ni likitan haƙori ne, kuma fannin da na je ƙwarewa a kansa shi ne tiyatar muƙamuƙi. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.) Na sami ɗaki a Plumstead, a gidan wata tsohuwar Baturiya mai suna Misis Hollis, wadda mijinta Harold ya rasu 'yan watanni kafin zuwana. Matar kirki ce ta gaske. Ta ware mini tukunyata da wuƙata don kada su haɗu da naman alade, kuma da ta lura ina kwana da hular sanyi sai ta ɗauko bargon mijinta ta ba ni. Abu biyu Harold ya bari a falon gidan nan waɗanda ba a wasa da su: kujerarsa, wadda ba mai zama a kai, da kuma kwaɗonsa.

Eh, kwaɗo. Yana zaune cikin akwatin gilashi kusa da taga, kan ƙasa mai laima. Ba irin namu na gindin randa ba ne. Wannan kore ne, mulmulalle kamar curin fura, kuma rabin jikinsa baki ne. Harold ya sayo shi yana ɗan mitsitsi gab da ciwon ajalinsa, ya sa masa suna Sajan saboda wai ba ya fara'a. Kullum da safe Misis Hollis sai ta gaishe shi kafin ta gaishe ni. Mu a gidanmu a Katsina tsintsiya ake sa wa kwaɗo a kora shi waje, amma nan ba gidan ubana ba ne.

Ana nan sai aka yi wa 'yarta aiki a Kanada, ya zama dole ta je jinya na wata huɗu. Kafin ta tafi ta zaunar da ni, ta miƙo mini takarda shafi biyu da ta rubuta da hannunta.

"Dokta," in ji ta, "shi kaɗai ne abin Harold da ya rage mini mai numfashi. Na san a hannunka ba abin da zai same shi."

Maimakon in ce to in karɓi takarda, sai na dafa ƙirji na shiga wa'azi. Na ce mata mu a wurinmu akwai wata kalma, amana. Na bayyana mata cewa in aka ba Bahaushe amana, gara ya rasa nasa da ya taɓa ta. Na sa ta maimaita kalmar har sau uku don ta iya faɗa daidai. Ta yi ta gyaɗa kai, idanunta suka kawo ruwa. Ni kaina jawabin ya burge ni.

Shafin farko na takardar ya ce kowace Laraba wani shagon dabbobi zai kawo akwatin abincin Sajan, a barbaɗa wa abincin farin garin da ke cikin gwangwani kafin a ba shi, a kuma riƙa canza masa ruwa. Shafi na biyu ban karanta ba. Na ga mutumin da ke buɗe fuskar ɗan Adam ya ɗaure ƙashi da waya ba ya buƙatar shafi biyu kafin ya ciyar da kwaɗo. Na ninke takardar na danne ta da gwangwanin.

Ban taɓa ganin abin da take ba shi ba, domin lokacin ina asibiti. Laraba ta farko na dawo na tarar da akwati a bakin ƙofa, mai 'yan huji a murfi, ana motsi a ciki. Na ɗaga murfin kaɗan. Fara ce. Fara mai rai, manya-manya, masu ƙiba, irin wadda ko a kasuwar garinmu sai ka yi sa'a. Kuma da yawa, don tun lokacin da Harold ke da ƙadangaru ake kawo wannan adadin, matar ba ta taɓa ragewa ba. Na tsaya ina kallonsu, suna kallona. Wata takwas ke nan ina cin dafaffen dankali da wake na gwangwani.

Ba na so ku ɗauka kwaɗayi ne ya ja ni kai tsaye. Sai da na yi tunani, kuma tunanin ya tafi kamar haka. Na ɗaya, bai dace a ce kwaɗo na cin fara a London ba alhali Bakatsine na kallo. Na biyu, Sajan amana ne, kusan baƙo ne a hannuna, kuma ban taɓa ganin gidan mutunci da aka ba baƙo ƙwari ba. Baƙo nama ake ba shi. Saboda haka musaya za mu yi, kowa ya ci riba. Washegari na je wurin mahaucin halal a titin Rye Lane da ke Peckham na sayo tsokar rago, ba kitse ba ƙashi, da ɗan hanta. Na yayyanka ƙanana, na kama ɗaya da ɗan hantsaki na kaɗa a gaban Sajan. Ya cafke har da bakin hantsakin. Na ce ka gani, ashe kai ma haƙuri kake yi.

Farin garin kuwa, na bar shi inda yake. A jikin gwangwanin an rubuta kalsiyam ɓaro-ɓaro, na kuma karanta. Sai na yanke hukuncin cewa ƙwari ne ke buƙatar ƙari, naman rago ya wuce a yi masa barbaɗe. (A makon nan ne na rubuta jarrabawa kan abin da ke sa ƙashi ya yi laushi, na kuma ci da maki mai kyau.)

Ita kuwa farar, na cire fiffike da ƙafafu, na tafasa da gishiri, na soya da mai da yaji, na matsa lemon tsami. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Ban sani ba ko yajin ne ko gida.

Da a nan abin ya tsaya, da sirri ne tsakanina da Sajan. To akwai Yaya Bashir, ɗan unguwarmu wanda ya girme ni, yana digirinsa na uku, yana zaune a Peckham da matarsa Hajiya Rabi. Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Regent's Park ya ja ni gefe yana ta ƙorafi.

"Wallahi Dokta na rasa yadda zan yi. Cikin nan nata ba abin da yake so sai fara. Jiya har kuka ta yi. Na zaga Rye Lane kaf, wani ma ya ɗauka joking nake."

Juma'ar da ta biyo na sa masa ƙunshi a aljihu. Daga ranar darajata ta tashi. Labari ya bazu cewa akwai wani yaro likita da ke da hanyar fara. Dattawa suka fara tsayar da ni a harabar masallaci, kowa na ɗanɗana ɗaya yana lumshe ido. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya yi mini addu'ar mace tagari. In an tambaye ni inda nake samu sai in ce, "Akwai wani mutumina da ke kawo mini kowace Laraba." (Ku duba da kyau, ba ƙarya a ciki.) Hajiya Rabi kuwa ta aiko mini da dambun nama cike da kwanon samirarta mai furen ja, da saƙon cewa ni ƙaninta ne na jini daga yau.

Sajan ya yi ƙiba, ni na yi suna. Haka muka tafi har wata uku da rabi.

Abin ya fara ne da kuskure. In na kaɗa masa nama sai ya kai cafka ya rasa. Na ce ƙoshi ne. Bayan kwana biyu na lura bakinsa ba ya rufuwa duka. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, ya karkace zuwa hagu, ƙafafunsa na baya sun baje suna ɗan rawa. Na jiƙa yatsana na taɓa ƙashin haɓarsa a hankali. Ya lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen kwali. Ba sai an gaya mini ba, wannan aikina ne. Jikin da bai sami kalsiyam a abinci ba daga ƙashinsa yake ɗiba, kuma Sajan yana cikin girma. Wata uku da rabi ina narkar masa da fuska da hannuna, ina kuma yaba wa kaina karamci.

A ranar na ɗaga gwangwani na karanta shafi na biyu. Layin farko, an ja masa layi biyu a ƙasa, cewa ya yi kada a kuskura a riƙa ba shi nama zalla. A ranar ne kuma katin Misis Hollis ya iso: tana dawowa nan da kwana tara, a gaida mata Sajan. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar Harold. Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ɗakin tiyata. Ba korar gida nake tsoro ba. Fuskar matar nan nake gani, lokacin da take maimaita kalmar da na koya mata.

Da ƙyar na sami likitar dabbobi mai duba irin su Sajan, can wajen Peckham, aka ba ni ƙarfe uku na ranar Asabar. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar walimar sunan ɗan Yaya Bashir, domin Hajiya Rabi ta sauka lafiya. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na tsara cewa zan leƙa a yi addu'a, in zame in wuce wurin likita. Farar Larabar makon ma na soya na ba Yaya Bashir tun ranar Juma'a, tunda mai ita ba ya iya ci, kada a yi asara.

Misis Hollis ta bar ɗan akwatin roba na ɗaukar Sajan, amma ana ganin ciki. Na hango kaina a bas, cikin babbar riga da hula, rungume da kwaɗo, wani ɗan gida ya shigo. Na ce a'a. Na ɗauko samirar Hajiya Rabi, wadda ban mayar ba tukuna, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, na sa Sajan, na tokare murfin da tsinken ashana don iska, na ɗaure da tawul. Duk wanda ya gan ni a bas ɗin nan ya ga mutum mai zumunci zai kai abinci gidan suna.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Gwaggo. Ƙanwar mahaifin Yaya Bashir ce, ta zo daga gida don jego, kuma ita ta buɗe mini ƙofa.

"Lale, lale! Kai ne mai farar? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Kafin in gama durƙusawa ta sa hannu ta ɗauke kwanon.

"Gwaggo, ai wannan ba na..."

"Haba, kwanon gidan nan ne, na gane furensa. Ka ga ɗan mutunci, bai dawo da shi wayam ba."

Ta juya ta nufi kicin. Ku gaya mini, wa ke kokawar kwano da gwaggon mutane a bakin ƙofa? Kicin ɗin kuma cike yake da mata, ba inda tuzuru zai sa ƙafa. Aka ja ni falo, inda maza kusan ashirin ke zaune a ƙasa kewaye da ledar abinci, aka matsa mini wuri kusa da liman don girmamawa. A gabansa, tsakanin waina da shinkafa, ga ɗan faranti na farata. Aka fara addu'a. Kowa na roƙa wa jariri albarka, ni ina roƙon Allah ya sa kullin tawul ɗin ya yi tauri.

Ana shafawa sai muka ji murfin kwano ya faɗi a kicin, yana ta juyi a ƙasa. Salati ya biyo baya, da ƙarar kujera, da gudun mata. 

Gwaggo ta shigo falon riƙe da samira da hannu biyu, ba gaggawa. Ta durƙusa ta ajiye ta a tsakiyar leda.

"Ni dai na tsufa, ban san cimar Ingila ba," in ji ta. "Wannan yanka shi ake yi, ko haka ake sa shi a tukunya?"

Sajan na zaune kan tsummansa, baki a karkace, yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariya da na ji sauƙi.

Cikin baƙin akwai Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, wanda ya shekara goma sha biyar yana aikin share kejin dabbobi a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Shi kaɗai ya matso. Ya tsoma yatsa a ruwan wanke hannu, ya taɓa haɓar Sajan, ya girgiza kai.

"Wannan na wane ne?"

"Na matar da nake haya a gidanta ne, Alhaji. Ta yi tafiya. Yanzu ma vet zan kai shi, na yi booking ƙarfe uku."

"Mi kake ba shi?"

"Tsokar rago. Da hanta. Mai kyau, Alhaji, halal."

"Kai! Ƙashin shi duka ya narke. Nama kaɗai ba ya yin ƙashi, ko yaro a wurin aikinmu ya san wannan. Fara ake ba su, a sa mishi powder. Baturiyan shi bai bar maka fara ba?"

 Ba sai na amsa ba. Na ga Yaya Bashir ya juyo da kansa a hankali ya dubi ɗan farantin nan, sannan ya dube ni. Sauran ma suka bi sahu. Liman na riƙe da fara guda tsakanin yatsunsa, ta kusa kai baki. Ya mayar da ita cikin faranti, ya goge yatsunsa.

"Mutuminka na ranar Laraba," in ji Yaya Bashir.

Na ce, "Eh."

Daga bakin ƙofar falo muryar maijego ta fito. "Dokta, tsakaninka da Allah, duk watannin nan abincin kwaɗo nake ci?"

"Bai taɓa ta ba, Hajiya. Sabuwa nake kawo miki."

(Na daɗe ina nazarin wannan amsa. Har yau ban gano abin da na so ta gyara ba.)

Wani ya tambayi liman hukuncin abin da suka ci. Ya ce, "Farar dai halal ce. Amanar ce ban sani ba."

Na ɗauka an gama da ni, sai wani daga baya ya ce, "Alhaji Issaka, ka kuwa san aikin wanda kake yi wa bayanin ƙashi? Likitan muƙamuƙi ne fa." Alhaji ya dube ni, ya dubi bakin Sajan, ya sake dubana. Ya ce, "To. Allah shi kiyaye mutane." Ya rufe samirar da kansa, ya gyara tsinken ashanar, ya miƙo mini. Na fita ban ko sa takalmi daidai ba.

Likitar dabbobin ta maimaita abin da Alhaji ya faɗa, sai dai da Turanci. Ta ba ni maganin kalsiyam na ɗigawa, ta nuna mini yadda zan riƙa sa masa abinci mai laushi a baki da hannu. Ta ce wataƙila ya rayu, ƙashin zai yi ƙwari, amma zai yi ƙwarin ne a yadda ya karkace. Da ta tambayi sana'ata na ce ɗalibi ne.

Ba zan ɓoye ba, a kwanakin da suka rage na je har gaban wani shago na tsaya ina kallon wani kwaɗo mai kama da Sajan sak. Na daɗe a wurin. Abin da ya hana ni shiga ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da sanin cewa mutum ashirin da liman sun riga sun ga na ainihin.

Ranar da Misis Hollis ta dawo, tun ba ta cire kwat ɗinta ba na tare ta na faɗa mata komai, har da yajin da lemon tsamin. Ba ta katse ni ba. Ta wuce falo ta durƙusa gaban akwatin gilashin, ta daɗe tana kallonsa.

"Haka bakin Harold ya koma bayan ciwon ya buge shi," in ji ta a hankali. "Gefen hagu. Shi ma da cokali na riƙa ba shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mece ce kalmar nan da ka koya mini?"

Na ce, "Amana."

"Amana," ta maimaita. Ta faɗe ta daidai, ba kuskure ko ɗaya. 

Ba ta kore ni ba. Sajan ya rayu, kuma ni na ci gaba da ciyar da shi da hannu har na gama karatu, yana karɓa ta gefen dama yana kallona da wannan karkataccen bakin. A masallaci sunana ya koma Likitan Kwaɗi, har waɗanda suka zo London bayana da shi suka san ni. Duk wannan na jure. Abin da ban iya jurewa ba shi ne Larabar da ta biyo bayan dawowarta. Na dawo daga asibiti na tarar da akwati biyu a kan teburin kicin, duka ana motsi a ciki. Ta manna wa kowanne takarda da rubutun hannunta. Ɗaya an rubuta Sajan, ɗayan an rubuta Dokta.

"Da ka tambaya tun farko," in ji ta, ta ci gaba da haɗa shayinta.

Tun daga lokacin, in aka ba ni ajiyar abu, ba na yin jawabi. To nake cewa, in karɓi takarda, in fara karantawa daga shafi na biyu. Fara kuwa, ta Larabar nan Sajan na bar wa duka akwati biyun, kuma har yau ban sake kai ta baki ba.